Wa Ya Sace Ƙugiyar Haruffanmu A Kan Fosta?

Mai karatu, kafin ka san ko wane ne jarumin fim, ko ka buɗe shafin farko na littafi, abin da idonka ke fara cin karo da shi shi ne manyan haruffan nan masu ƙwalisa da aka rubuta sunan da su. Su ne 'yan kiran ciniki.

Turawa ba su ɗauki lamarin da wasa ba. Dubi fostar Titanic ta 1997. Salon rubutun da ke kanta Trajan ake ce masa, wanda Carol Twombly ta zana wa kamfanin Adobe a 1989, ta kwaikwayo shi daga rubutun da aka sassaƙa a gindin wani ginshiƙi a birnin Rum tun shekara ta 113. Yana da kwarjini, shi ya sa masu fosta a Amurka suka yi masa rubdugu har ya gundiri jama'a. Shi kuwa Avatar na 2009, duk da maƙudan kuɗin da ya lashe, an rubuta sunansa da salon da bai da maraba da Papyrus, wanda ke cikin kwamfutar kowa, irin na katin biki. An yi ta yi masa tsiya, har da wasan barkwanci a talabijin a 2017. Da kashi na biyu ya fito a 2022, ai tuni an sauya rubutun.

To mu fa? Tun zamanin kaset, lokacin da fostoci ke cika Ƙofar Wambai, masu tsara mana bango suka kamu da son ado: harafi ya yi ƙiba, a zuba masa ruwan zinare, a sa masa inuwa, wani ma har da wuta tana ci a kansa, alhali labarin na soyayya ne. Wannan duk da sauƙi, ra'ayi riga. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɓatan ƙugiya. Akasarin salon rubutun ƙwalisa an zana su ne don harsunan Turai, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, balle ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Mai zane ya danna Ƙ a CorelDraw, sai wani ɗan akwati ya fito, ko wani siririn harafi bare ya tsaya tsakanin ƙartai. Shi ke nan, sai ya sa K ya huta.

Ka ga an mayar da baƙin ciki "bakin ciki", ƙasa ta koma kasa mai sara, ɓata ta zama bata. Za ka ce ai kowa ya gane. Babba ya gane, amma yaron da ke koyon karatu fa? Ya fi ganin fosta da allon shago sau ɗari bisa littafin makaranta. Tun shekarun 1930 haruffan nan suke cikin rubutun boko, kuma masu buga Gaskiya Ta Fi Kwabo sun fitar da su da dalma, ba kwamfuta.

Abin haushin, gyaran bai kai minti biyar ba: a mayar da harafin zane, a ja masa ƙugiya daidai kaurinsa. Na ga wani mai fenti a bakin titi yana yin haka da buroshi a allon wata mai abinci, ya lanƙwasa kan Ɗ ɗin "ɗanwake" tsaf, bai ko tsaya tunani ba.