Ben-oni da Biliyaminu: Nazari a Kan Labarin Rasuwar Rahila

Maƙasudin wannan takarda shi ne a dubi wani gajeren labari da ke cikin Littafin Farawa, sura ta 35, aya ta 16 zuwa ta 20, inda aka kawo rasuwar Rahila matar Yakubu a kan gwiwa, wajen haihuwar ɗanta na biyu. Za a dube shi ne da idon manazarcin adabi, wato a lura da abin da mai ba da labarin ya faɗa da kuma abin da ya yi shiru a kansa, sa'an nan a auna darasin da aka saba cirowa daga ciki. Su Yakubu da Yusufu ba baƙi ba ne ga kowa a zauren nan, kuma ko da yake Alƙur'ani bai ambaci sunan uwar Yusufu ko na ƙanensa ba, malaman tafsiri sun kira su Rahil da Binyamin.

Abu na farko da zai ja hankalin mai karatu shi ne ƙarancin kalmomi. Matar da Yakubu ya yi wa Laban bautar shekara 14 dominta, aya biyar kacal aka kashe a kan naƙudarta da mutuwarta da jana'izarta. A kwatanta da sura ta 23, inda aka ɗauki aya 20 a kan rasuwar Saratu, akasarinsu a kan cinikin filin Makfela da Ibrahim ya saya shekel 400 na azurfa. Rahila kuwa a bakin hanya aka binne ta, tsakanin Betel da Efrata, aka kafa dutse a kan kabarin, ayari ya ci gaba da tafiya. Ba a ce Yakubu ya yi kuka ba, alhali a wannan sura ɗin an sa wa wani itacen oak sunan kuka saboda Debora, mai renon Rifkatu.

Wannan shiru ne ya sa masu sharhi suka shiga neman dalili. Wasu sun koma sura ta 30, inda Rahila, da ta ga yayarta Lai'atu ta haifi maza huɗu ita ko ɓari ba ta yi ba, ta tasa Yakubu gaba a kan ya ba ta 'ya'ya ko ta mutu. Wasu sun koma sura ta 31, inda ta ɗauke gumakan gidan ubanta, Yakubu kuma, da yake bai san ita ce ba, ya yanke cewa duk wanda aka same su a hannunsa ba zai rayu ba. Rashi, malamin Yahudawa na Faransa wanda ya rasu a 1105, ya bi magabatansa ya ce bakin mijin ne ya kama ta. Daga nan ne wa'azin da aka fi ji ya samo asali: a kiyayi harshe, a kiyayi kishi, a rabu da gumaka.

A ganina wannan karatu ya ɗora wa labarin abin da bai ɗauka ba. Mai ba da labarin Farawa ba ya jin nauyin faɗin cewa mutuwar wani horo ce. A sura ta 38 ya faɗi haka ƙarara game da Er da Onan, 'ya'yan Yahuza. Game da Rahila bai ce komai ba sai cewa naƙudar ta yi tsanani. Hasali ma sharaɗin da Yakubu ya gindaya bai cika ba, domin Laban ya yi bincike bai sami kome ba. Maganar ba ta tsaya a takarda kawai ba. Duk mai wa'azin da ya koya wa jama'a cewa macen da ta mutu a kan gwiwa alhakin wani laifi ne ya bi ta, to ya ƙara wa gidan makoki nauyi, kuma ba da izinin nassin ya yi ba.

Inda labarin ya zuba ƙarfinsa shi ne wajen raɗin suna. Ungozoma ta yi wa Rahila albishir da cewa namiji ne, wanda kuwa shi ne ainihin abin da ta roƙa ranar da ta sa wa ɗan farinta Yusufu, suna mai ma'anar neman ƙari. An amsa addu'ar, amma a bakin ranta. Tana cikin fitar rai ta kira yaron Ben-oni, uban kuwa ya ce Biliyaminu. Yawancin masu fassara sun ɗauki na farko da ma'anar ɗan baƙin cikina, na biyu kuma ɗan hannun dama, ko ɗan kudu, tun da yake Ibraniyawa gabas suke fuskanta in za su ambaci kusurwoyi. Sai dai kalmar oni tana da fuska biyu, domin ita ce Yakubu ya yi amfani da ita a sura ta 49 da ma'anar ƙarfi, sa'ad da yake magana a kan Ra'ubainu. Nahmanides, wanda ya rasu a 1270, ya lura da haka, ya ce uban bai soke sunan ba, fuskarsa mai kyau ya zaɓa. Bayanin yana da daɗin ji, amma ni ina ganin ya yi saurin rarrashi.

Bahaushe ya san irin wannan suna, domin yaron da ya rasa mahaifi yana jariri akan yi masa laƙabi da Talle, ya girma yana ɗauke da tarihin rashin. A Littafin Sama'ila na Ɗaya, sura ta 4, matar Finehas ita ma ta mutu a kan gwiwa ta bar wa ɗanta suna Ikabod, ba wanda ya canza shi. Yakubu ya ƙi ɗansa ya ɗauki wannan kaya, kuma wa zai ga laifinsa? Amma mai ba da labarin bai bi shi ya goge sunan farko ba. Ya ajiye su biyun cikin aya ɗaya, bai ce wannan ne daidai ba. In akwai darasin ruhaniya a nan, to a wannan ajiya yake: albarkar da ke cikin sunan uban ba ta haɗiye kukan da ke cikin sunan uwar ba. Annabi Irmiya ma haka ya fahimce ta, don a sura ta 31 ya siffanta ta tana kukan 'ya'yanta a Rama, ta ƙi yarda a rarrashe ta.

Shi kansa Yakubu sai a sura ta 48 aka ji ta bakinsa. Yana kwance a Masar, ya tsufa, ana shirin sa wa 'ya'yan Yusufu albarka, sai ya katse zancen ya koma kan Rahila. Bai ambaci gumaka ba, bai ambaci kishi ba, bai ma ambaci yaron ba. Abin da ya tuna shi ne ta mutu suna kan hanya, saura kaɗan su isa Efrata, kuma a nan ya binne ta.