Jinjina ga Masu Ɗaukar Tarihin Marubuta Waƙa a Fim

Duk mai shirya fim kan Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya ɗauko jan aiki, domin ta rasu tun 1864, ba hoto, ba murya. To, me kyamara za ta nuna? Sai ya nufi gidan mijinta, Waziri Giɗaɗo, a Sakkwato, ya kwashi gaisuwa, ya jira izinin dattawa. In an buɗe masa gafaka, ya haska takardun ajami ɗaya bayan ɗaya, ba mai taɓa su da hannun gumi. Mai ɗaukar sauti kuwa, da ba kasafai ake yaba masa ba, yana durƙushe gaban tsohuwa mai rera waƙa, yana jiran ƙarar babur ta wuce. Sannunku da ƙoƙari!