Faifan *Power-Fuerza* na Ghetto Brothers: tarihin ƙungiya da abin da kunne ke ji

A cikin wannan ɗan nazari muna son mu duba wani faifai wanda labarin masu shi ya kusa danne shi. Ghetto Brothers ƙungiya ce ta samarin unguwar Bronx ta kudu, a birnin New York, galibinsu ƴan asalin Puerto Riko, a ƙarƙashin jagorancin Benjy Melendez. Da farko gungun ƴan tauri ne na titi, daga bisani suka juya ga aikin gayya da siyasa. A watan Disamba na 1971 aka kashe mai shiga tsakaninsu, Cornell Benjamin, ya tafi raba faɗa. Maimakon ramuwar gayya, sai suka kira taron sulhu na Hoe Avenue. A 1972 faifansu guda ɗaya tilo ya fito, waƙoƙi 8 da aka ɗauka cikin yini guda.

Tun da kamfanin Truth & Soul ya sake buga shi a 2012, yawancin masu sharhi suna karanta faifan ta wannan tarihi: sulhu ya buɗe tituna, tituna suka haifi hip-hop, don haka faifan kakan hip-hop ne. A ganinmu wannan karatu ya yi gaggawa. Mai yiwuwa sulhun ya share fage ga bukukuwan da Kool Herc ya soma a 1973, amma wannan magana ce ta zamantakewa. Ba ta gaya mana kome game da sautin ba.

To, me kunne ke ji? Muryoyin ƴan'uwa uku, Benjy da Victor da Robert, suna haɗuwa irin ta Beatles, waɗanda suka kwaikwaya tun suna yara. Jita mai tsami irin ta Santana. A ƙarƙashi kuwa konga da timbal da bongo ke riƙe da kiɗan. Babu kakaki ko ɗaya, alhali salsar kamfanin Fania ta lokacin a kan busa ta dogara. Abin mamaki, samarin da jaridu suka sani da faɗa, galibin waƙoƙinsu na soyayya ne da abota, da Ingilishi, cikin murya mai taushi har da ɗan rawa. Siyasa ba ta fito fili sosai sai a «Viva Puerto Rico Libre», kuma ko nan sigar addu'a ta fi ta barazana ƙarfi.

Faifan yana da rauni, bai kamata a ɓoye ba. Gaggawar ɗauka ta bar muryoyi suna kauce wa juna a wurare, wasu baitocin kuma na ƙuruciya ne ƙwarai. Sai dai mai neman hip-hop a ciki ba zai ma lura da raunin ba, balle ya ji yadda ganguna ke tura jitar gaba a «Mastica, Chupa y Jala», inda a ganinmu ƙungiyar ta fi zama da gindinta.