Daga Karatun Shari'a zuwa Kyamara: Tarken Fim ɗin Le Spectre de Boko Haram

1.0 Gabatarwa

Ba sabon abu ba ne mutum ya bar tafarkin da ya faro ya koma shirya fim. Oumarou Ganda na Nijar soja ne da ya yi yaƙin Indocina, kuma daga rayuwar sojan ya ciro fim ɗinsa Cabascabo, wanda aka nuna a Cannes a 1969. Marigayi Rabilu Musa Ibro ma ya yi aikin gandiroba kafin ya shahara a finafinan Hausa. Wannan takarda za ta dubi misali daga Kamaru, wato Cyrielle Raingou, wadda ta yi digiri na biyu a fannin shari'a sannan ta koma fim. Tambayar ita ce: me tsohon fage ke bari a jikin sabon aiki?

2.0 Jigo

An ɗauki fim ɗin a Kolofata, gari a Jihar Arewa Mai Nisa, kusa da iyakar Nijeriya. A garin ne 'yan Boko Haram suka sace matar mataimakin firaminista Amadou Ali a watan Yulin 2014. Fim ne na gaskiya, ba ƙagaggen labari ba. Ya bi rayuwar wata yarinya da ta rasa mahaifinta a rikicin, da wasu yara biyu 'yan'uwan juna da suka rabu da iyayensu. Babban jigonsa shi ne ƙuruciya cikin fargaba. A 2023 ya lashe kyautar Tiger a bikin finafinai na Rotterdam.

3.0 Salo

A ganina, a nan ne horon shari'a ya bayyana. Lauya ya san cewa shaida ta fi dogon jawabi. Raingou ba ta nuna mahara ba, ba ta kuma tsaya yin wa'azi ba. Sai ta bar mai kallo da makaranta, da wasan yara, da sojoji a bakin hanya, da ƙarar bindiga daga nesa. Kalmar spectre a Faransanci tana nufin fatalwa, abin da ake jin motsinsa ba a ganinsa, don haka suna ya dace da zubi. Ɗalibi ya kwatanta wannan da yawancin finafinan Kano, inda taurari ke faɗar jigo da bakinsu.

4.0 Rauni

Sai dai shaida ba tare da bayani ba tana da illa. Mutumin Garwa ko Marwa ya san mafarin rikicin, zai cike giɓin da kansa. Baƙo a Turai kuwa yana iya tashi da tausayi kawai, bai fahimci dalili ba. Akwai kuma batun haƙƙi: yaran da duniya ta ga fuskokinsu suna zaune ne inda haɗarin yake. Wannan tambaya ce da ta hau kan duk mai ɗaukar irin wannan fim, balle wadda ta karanci doka.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa mai sauya sana'a ba ya zuwa hannu rabbana. Ganda ya zo da bariki, Raingou ta zo da kunnen sauraron shaida. Aikin mai tarke shi ne ya gano wannan guzuri, ya auna inda ya taimaka da inda ya gaza.