Telan da ya zama shugaban ƙasa: abin da silima ta nuna da abin da ta rufe

Ƴan'uwa malaman yaƙi da jahilci, kowa ya san wahalar tsaida magidanci cikin aji bayan ya wuni gona. Shi ya sa muke neman labarin da zai ƙara masa zuciya. Akwai wani labari na ƙasar Amurka wanda in malami ya ji shi zai ce don ajinmu aka yi shi. Labarin Andru Jonson ne, tela wanda bai taɓa zama makaranta ba, ya zo ya zama shugaban ƙasa na 17. A 1942 kamfanin MGM ya yi silima a kansa mai suna Tennessee Johnson. Kafin mu kai labarin gaban ɗalibanmu na Keita, Buza da Madawa, ya kamata mu auna shi.

Yabon gwani ya zama dole. Farkon silimar yana da daɗi, kuma ba ya nesa da gaskiya. An haifi Jonson a 1808 cikin jihar Karolina ta Arewa. Ubansa ya rasu yana da shekara 3. Aka ba da shi koyon ɗinki, ya gudu, ya je ya zauna garin Girinbil cikin jihar Tenesi. A 1827 ya auri Eliza, ɗiyar mai ɗinkin takalmi, shi yana da shekara 18, ita 16. Silimar ta nuna ita ta koya masa karatu tun daga baƙaƙe. Gaskiyar ita ce ya ɗan fara haɗa baƙi tun a shagon maigidansa, ita kuwa ta gyara masa rubutu da lissafi, tana karanta masa littafi yana ɗinki. Wannan ƙarin gishiri ba laifi ba ne babba. Namijin da bai ji kunyar zama ɗalibin matarsa ba, abin koyi ne a Adar.

Daga nan ya hau. Ya yi magajin gari, ya yi ɗan majalisa, ya yi gwamnan Tenesi, inda ya sa aka aza haraji don makarantun ƴaƴan talakawa. Da jihohin kudu suka ɓalle a 1861 don su riƙe bayinsu, shi kaɗai ne cikin dattawan majalisa na jihohin da suka ɓalle bai bi su ba. Don haka Abraham Linkon ya ɗauke shi mataimaki. Da aka kashe Linkon a watan Afrilu 1865, mulki ya faɗo hannun tela.

To, a nan ne silimar ta fara kauce hanya. Ta nuna Jonson mai haƙuri, mai son sulhu, ta kuma ɗauki Tadiyus Stibins, wani tsoho ɗan majalisa, ta maishe shi mugu mai neman fansa. Ta nuna Jonson ya shiga majalisar dattawa da kansa ya yi jawabi har ya kuɓuta. Wannan bai faru ba. A shari'ar 1868 lauyoyinsa ne suka tsaya masa, shi bai je ba. Abin da ke gaskiya shi ne ƙuri'a guda ta cece shi: 35 suka ce a tuɓe shi, 19 suka ƙi, ana bukatar 36.

Amma babban laifin silimar shi ne mutanen da ta bari a baya. Yaƙin nan ya ƴanta bayi wajen miliyan 4. Mafi yawansu ba su san ko harafi ba, kuma ba da son ransu ba. A jihar da aka haifi Jonson, dokar 1830 ta hana a koya wa bawa karatu ko rubutu. Abin da Eliza ta yi wa mijinta, da bawa ta yi wa, da an hukunta ta. Da ƴanci ya zo, waɗannan mutane suka ruga makaranta, tsoho da jikansa kan benci guda, wasu da dare bayan aiki, kamar dai namu ɗaliban. Gwamnati ta kafa wata hukuma a 1865 don ta taimaka masu da abinci, da shari'a, da makarantu.

Me telan ya yi masu? A Fabrairu 1866 majalisa ta yi doka don ƙara wa hukumar nan ƙarfi, ya ƙi sa hannu. A Maris ta yi dokar da ta ba baƙar fata haƙƙin ɗan ƙasa, ya ƙi sa hannu, sai da majalisa ta zartar da ita bisa kansa. Gonakin da sojoji suka yanka wa ƴantattun bayi a gaɓar teku, eka 40 ga kowane gida, wajen hekta 16 ke nan, ya ce a mayar wa iyayengijinsu na da. Shi kansa ya mallaki bayi, bai sake su ba sai 1863. Stibins kuwa, wanda aka nuna mugu, shi ne ya tsaya a 1835 ya hana a soke makarantar kyauta a jihar Pensilbaniya, shi ne kuma ya nemi a ba ƴantattu gona. Masu silimar ba za su ce babu wanda ya faɗa ba, domin tun 1935 wani malami baƙar fata, Du Bois, ya rubuta littafi guda a kan wannan zamani.

Iyalinsa ma an gyara su don ido. Eliza ta yi fama da tarin fuka, yawancin zamanta a fadar shugaba cikin ɗaki ta yi shi. Ɗiyarsu Marta ce ta riƙe gidan, har tana kiwon shanun tatsa a harabar fadar. Cikin ƴaƴansu 5, Cals ya faɗo daga doki ya mutu a 1863, Robat kuwa giya ta ɓata shi, ya mutu a 1869. Silimar ta rufe da komawar Jonson majalisar dattawa a 1875, ana tafa masa. A shekarar nan ya mutu, Eliza ta bi shi bayan wata 6. Ƴantattun bayi kuwa suka shiga wata wahala ta wariya da hana ƙuri'a wadda ba a kawar ba a doka sai 1964 da 1965.

Wani zai ce ina ruwanmu da abin da ya faru bayan teku? Akwai ruwanmu. A nan Nijar sai 2003 aka sa bauta cikin laifukan da doka ke hukuntawa. A 2008 kotun CEDEAO ta ba Hadijatu Mani gaskiya, mace daga jiharmu ta Tawa wadda aka sayar tana da shekara 12, ta ce gwamnati ta biya ta miliyan 10 na sefa. Takardar ƴanci abu guda ce, gona da karatu wani abu ne dabam. Kowane malami ya duba littafin kiran sunansa. Su wa aka rubuta? Su wa ba a je ƙofarsu ba don asalinsu? Wa ke zama bakin tabarma ba ya ɗaga hannu?

Shawarata ita ce mu ba da labarin Jonson cikin aji, amma duka. Rabin farko yana cewa gemu ba ya hana ilimi. Rabi na biyu yana cewa ilimi ba ya sake hali sai mai shi ya so. Wanda ya sha daga rijiya ya toshe bakinta bai cancanci kirari ba, ko da kuwa da hannunsa ya gina ta. In ɗalibinmu ya iya karanta takardar awon gona da rasit na haraji, mun yi rabin aiki. Sauran rabin sai ran da ya karanta wa maƙwabcinsa tasa takardar bisa gaskiya, ya kuma bar matarsa da ɗiyarsa su zo aji.

Silimar ta 1942 ta tsaya a rabin farko. Mu kada mu tsaya nan. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.