Allon titi da abin da yake ɓoyewa: unguwar Afirka a Berlin

A tsofaffin biranen Jamus, jama'a ne suka fara laƙaba wa tituna suna, galibi da sana'ar mazauna wurin. Schildergasse ta birnin Kolon ta ci sunan masu zanen garkuwa. Daga ƙarni na 19 hukuma ta karɓe wannan iko, suna ya koma lambar girma da ake rataya wa wanda mulki ya yarda da shi.

Hakan ya fito fili a unguwar Afirka da ke Wedding a Berlin, inda aka soma raɗa wa tituna sunayen Togo da Kamaru a 1899. A 1910 wani dandali ya sami sunan Gustav Nachtigal, matafiyin da ya ratsa Kawar ya isa Kukawa a 1870, kuma shi ya kafa tutar Jamus a Togo da Kamaru a 1884. A 1939 ƴan Nazi suka ƙara da Petersallee don karrama Carl Peters, wanda zaluncinsa a gabashin Afirka ya sa gwamnatinsa ta sallame shi a 1897.

Abin zargi mafi girma shi ne dabarar 1986. Mahukunta suka bar allon yadda yake, suka ce Peters ɗin da ake nufi yanzu shi ne Hans Peters, masanin shari'a da ya yi adawa da Nazi. Da ma sauya wa tuwo suna yaudara ce, balle a bar sunan a ce tuwon ne ya sauya. A lokacin, maƙwabtan titin, Nachtigal da Lüderitz, suna nan suna tona asiri.

Gyaran gaskiya ya zo a makare. A 2022 dandalin ya koma Manga-Bell-Platz, don tunawa da sarkin Duala da Jamusawa suka rataye a 1914, tare da matarsa Emily. A 2024 aka raba Petersallee biyu: Maji-Maji-Allee da Anna-Mungunda-Allee.

Sai dai cire allo bai kammala aiki ba. Littafin Nachtigal, Sahara und Sudan, har yau madogara ne ga mai nazarin tarihin Kawar da Borno. Malamin da ya buɗe shi a aji, wajibi ne ya gaya wa ɗalibai cewa hannun da ya rubuta labarin Bilma shi ne ya rattaba yarjejeniyar da ta miƙa Togo ga Jamus.