Kiɗan Haikalin Ƙudus da alamomin Masorawa: tarken ra'ayin Suzanne Haïk-Vantoura

0. Gabatarwa

A shekarar 1976 aka buga wani littafi a birnin Paris mai suna La musique de la Bible révélée, wanda Suzanne Haïk-Vantoura (1912-2000) ta rubuta. Marubuciyar ƙwararriya ce a fannin kiɗan Turai, kuma ta yi karatunta a Conservatoire na Paris. Da'awarta ita ce ta gano mabuɗin ƙananan alamomin da ke sama da ƙasan baƙaƙen Ibrananci a littattafan Yahudawa masu tsarki, waɗanda ake kira te'amim, kuma karin da ke fitowa idan an bi mabuɗin shi ne wanda Lawiyawa suka rera a Haikalin Ƙudus. An ɗauki waƙoƙin a faifai, an fassara littafin zuwa Ingilishi a 1991, kuma har yau ana sauraron su a intanet da sunan kiɗan Annabi Dawuda.

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu auna wannan da'awa. Za mu fara da abin da majiyoyi suka faɗa game da kiɗan Haikali, sa'an nan mu bayyana hanyar da marubuciyar ta bi, daga bisani mu nuna inda muke ganin hujjarta ta gaza. Batun ya shafi ɗalibanmu masu nazarin waƙa da kiɗa, domin su ma sukan tarar da baitoci da sunayen kayan kiɗa sun wanzu amma amon ya tafi tare da masu shi, sai sha'awa ta ja su zuwa cike gurbin da abin da kunnensu ya saba ji.

1. Abin da majiyoyi suka tanada

1.1. Nassosi

Littafin Tarihi na ɗaya (sura 23 da 25) ya ce Dawuda ya keɓe Lawiyawa 4,000 don kiɗa, kuma 288 daga cikin mawaƙa gwanaye ne da aka kasa ƙungiya 24, kowace da mutum 12, a ƙarƙashin Asaf da Heman da Yedutun. Littafin Tarihi na biyu (sura 5) ya ambaci firistoci 120 masu busa kakaki ranar buɗe Haikalin Sulemanu. Sai dai an rubuta littattafan Tarihi wajen ƙarni na 4 kafin Miladiyya, wato kimanin shekara 600 bayan Dawuda. Littafin Sarakuna na ɗaya (sura 8), wanda ya girme su, ya ba da labarin wannan biki ba tare da ambaton ƙungiyar mawaƙa ba. Saboda haka manazarta da yawa suna ɗaukar cewa marubucin Tarihi tsarin zamaninsa ya siffanta, wato na Haikali na biyu, ya mayar da shi baya. Lissafin waɗanda suka komo daga Babila a littafin Ezra (sura 2) ya ba da mawaƙa 128 kawai daga zuriyar Asaf.

1.2. Mishna da Yosifus

Bayani mafi dalla-dalla yana cikin Mishna, wadda aka harhaɗa wajen shekara ta 200 Miladiyya, shekara 130 bayan Rumawa sun rushe Haikali a shekara ta 70. Babin Arakin ya ƙayyade cewa mawaƙa ba sa kasa 12, nebel ba ta kasa 2 ba ta wuce 6, kinnor ba ta kasa 9, faifan tagulla da ake bugawa da juna kuwa mutum ɗaya ne ke riƙe da su. Halil, abin busa, kwana 12 kaɗai ake busa shi gaban bagadi a shekara. Babin Tamid ya lissafta Zaburar kowace rana daga Lahadi zuwa Asabar: 24, 48, 82, 94, 81, 93 da 92. Ya kuma nuna yadda ake yi: idan aka zo zuba ruwan inabi a bagadi sai a buga faifan tagulla, Lawiyawa su ɗauki waƙa, duk inda suka dakata a busa kakaki, jama'a su faɗi ƙasa. Yosifus, wanda shi kansa firist ne da ya ga Haikali, ya ce kinnor tana da tsirkiya 10 ana kaɗa ta da makaɗi, nebel kuwa tana da amo 12 ana kaɗa ta da yatsu.

1.3. Kayan tarihi

Hoton kakaki biyu yana jikin ƙofar tunawa da nasarar Titus a Roma, cikin ganimar da aka kwaso daga Haikali. Kuɗaɗen tawayen Bar Kokba (132-135) suna ɗauke da hoton kakaki da na kayan tsirkiya iri biyu. A 1968 masu tono a ƙarƙashin Benjamin Mazar suka sami wani dutse da ya faɗo daga kusurwar ginin Haikali, da rubutu a jikinsa mai nuna wurin busa. Daga irin waɗannan shaidu aka tabbatar kinnor akwati ce mai hannu biyu da sanda a gicciye, tsirkiyoyi suna miƙe daga akwatin zuwa sandar, ba ta da wuya. Ke nan harpe da luth na fassarar Louis Segond, da garaya da molo da ake sawa a Hausa, duk kusantawa ce kurum.

Abin lura a nan shi ne duk waɗannan majiyoyi sun ba mu yawan mutane da kayan kiɗa da lokutan busa, amma babu ɗaya da ta ba mu kari. Wannan gurbi ne Haïk-Vantoura ta ce ta cike.

2. Hanyar marubuciyar

Ta lura cewa babu ayar da ke rasa alamun ƙasa, alhali ana samun ayoyin da ba su da na sama. Daga nan ta yanke cewa alamun ƙasa su ne matakan tsanin sauti, 8 a littattafan zube 21, 7 kuma a Zabura da Karin Magana da Ayuba, na sama kuwa ado ne da ke kewaya matakin da ake kai. Ta ɗauki silluk, alamar ƙarshen aya, a matsayin tushen tsani, ta ba ta sautin mi; ta ba atnah, alamar tsakiyar aya, mataki na huɗu. Sauran ta jera su ta hanyar gwaji, tana canza musu wuri har sai karin ya dace da ma'anar kalmomi. Game da asali kuwa, ta ce alamun hoton motsin hannu ne da ake jagorantar mawaƙa da shi, kuma Masorawan Tibariya sun gaje su ne ba tare da sun san ainihin ma'anarsu ba.

3. Tarke

3.1. Tazarar lokaci

Tsarin Tibariya ya kammalu ne a ƙarni na 9 da na 10. Kundin Halab, wanda Haruna ben Asher ya yi wa alamomi, na wajen shekara ta 930 ne, kundin Leningrad kuma na 1008. Tsakanin rushewar Haikali da kundin Halab akwai shekara 860. Rubuce-rubucen da aka samu a kogunan Kumran tun daga 1947, waɗanda aka kwafa Haikali yana tsaye, har da babban naɗin Zabura na kogo na 11, ba su ɗauke da waɗannan alamomi. Talmud ya ambaci te'amim da nuna su da hannun dama, wanda ke tabbatar da tsufan karatu da rauji, amma bai san su a rubuce ba. Daɗin daɗawa, kalmar lamnasseah da ke kan Zabura 55, wadda a yau ake fassarawa da “ga shugaban mawaƙa”, masu fassarar Girkanci ta Septuaginta sun mayar da ita “zuwa ƙarshe”. Idan ma'anar kalmomin kiɗa ta shige wa malaman Yahudawa duhu tun Haikali yana aiki, to mai cewa karin kansa ya ƙetare ƙarni 9 ba tare da ya canza ba yana bukatar hujja mai ƙarfi, kuma ba mu same ta a littafin ba.

3.2. Sama da ƙasa

Ginin gaba ɗaya yana tsaye ne a kan bambancin alamun sama da na ƙasa. To amma tsarin Tibariya ɗaya ne daga cikin uku. A tsarin Babila ana ɗora alamomin a saman baƙaƙe, kuma yawancinsu ƙananan haruffa ne. Tsarin Falasɗinu shi ma ya fi amfani da ɗigo a sama. Nassi ɗaya ne, al'adar karatu ƴar uwar juna ce, wurin ajiye alama ne ya bambanta. Wannan yana nuna cewa sama da ƙasa zaɓin marubuta ne na wani gari, kuma ba za a iya ɗora tsanin sauti na zamanin Dawuda a kansa ba. Har ila yau, marubuciyar ta dogara ne ga bugun Letteris na ƙarni na 19, wanda alamominsa suka saɓa wa tsofaffin kundaye a wurare. A tsarin da kowace alama sauti ce, kowane saɓani yana canza kari.

3.3. Aikin alamomin

Tun daga littattafan William Wickes na 1881 da 1887 an nuna cewa alamomin iri biyu ne, masu rabawa da masu haɗawa, kuma masu rabawa suna da daraja hawa-hawa: atnah ta raba aya biyu, wata alama ta sake raba kowane rabi, haka har zuwa ƙarshe. Zakef, wadda ke cikin manyan masu rabawa, a sama ake rubuta ta, munah kuwa, mai haɗawa kawai, a ƙasa. Tsarin Haïk-Vantoura ya mayar da zakef ado ya ɗaga munah ta zama mataki. Bugu da ƙari, akwai alamomi masu kama ɗaya da aiki daban, kamar pashta da kadma, ko yetib da mahpak, waɗanda wurinsu a kan kalma ne ke bambanta su. Duk wannan yana fitowa sarai idan an karanta alamomin ta fuskar ginin jumla. Ra'ayin da ke cewa Masorawa ba su fahimci abin da suke rubutawa ba dole ya bayyana yadda aka yi jahilcinsu ya haifi tsari mai daidaito haka.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya yi karatun allo. Alamomin waƙafi da madda a Mushafi suna nuna inda za a tsaya da inda za a ja, amma raujin daga bakin malam ake ɗaukarsa, shi ya sa na Damagaram ya bambanta da na Alƙahira. Haka Yahudawan Yaman da na Maroko da na Polan suke karanta alamomi ɗaya da kari daban-daban, kowace alama tana tuna wa mai karatu wani guntun rauji da ya riga ya haddace.

3.4. Daɗin ji a matsayin hujja

Babbar hujjar marubuciyar ita ce karin yana da daɗi kuma yana bin ma'ana. Muna ganin matsala biyu a nan. Ta farko, ita ce ta jera matakan ta hanyar zaɓen abin da ya dace da ma'ana, don haka dacewar ba za ta sake zama shaida ba. Ta biyu, alamomin ba su faɗi tazarar da ke tsakanin matakai ba, ita ke zaɓa wa kowane nassi nau'in tsaninsa, ta kuma ƙara rakiyar kayan kiɗa a faifan. Tunda alamomin suna bin ginin jumla, silluk tana ƙarshe atnah tana tsakiya, duk tsarin da ya ba waɗannan biyu sautin hutu zai fitar da kari mai sauka inda magana ta sauka. Abin da mai sauraro ke ji yana burge shi, aikin nahawun Masorawa ne haɗe da gwanintar mai tsara kiɗa.

Misalin waƙar Hurriyawa ta Ugarit, ta wajen 1400 kafin Miladiyya, ya isa gargaɗi. A can akwai rubutun kiɗa na gaske, akwai kuma allunan Babila masu bayanin sunayen tsirkiyoyi, amma duk da haka karin da Anne Kilmer ta fitar a 1974 ya sha bamban da na Marcelle Duchesne-Guillemin da na Martin West.

3.5. Wurin rerawa

Alamomin sun game dukan littattafai, har da jerin sunayen zuriya da littafin Esta. Abin da majiyoyi suka ce ƙungiyar Lawiyawa tana rerawa lokacin hadaya shi ne Zabura da wasu ƴan waƙoƙi. Tsarin da ya game komai ya fi dacewa da bukatar majami'a, inda mutum ɗaya ke karanta nassi ga jama'a ba tare da kayan kiɗa ba. Littafin bai bambanta waɗannan wurare biyu yadda ya kamata ba.

4. Kammalawa

Ba mu cewa aikin banza ne. Haïk-Vantoura ta jawo hankalin masu nazarin kiɗa ga alamomin da aka bar wa masu nahawu, ta kuma nuna a aikace yadda rabon aya ke iya ɗaukar kari. A matsayin ƙirƙira ta ƙarni na 20 da aka gina a kan nassin Masorawa, waƙoƙinta sun cancanci a saurare su. Abin da muka ƙi shi ne kiran su kiɗan Haikali.

Ga mai son ci gaba da bincike, hanyoyi biyu sun fi tsayuwa a kan shaida. Ta farko ita ce ta Abraham Idelsohn, wanda ya tattara karin al'ummomin Yahudawa cikin juzu'i 10 tsakanin 1914 da 1932 ya kwatanta su, ko da yake kamannin da ya samu ba su isa su kai mu Haikali kai tsaye ba. Ta biyu ita ce ta Joachim Braun, wanda littafinsa na 1999 ya fara daga kayan da aka tono kafin ya koma ga nassi. Muna ba ɗalibanmu shawara, duk lokacin da aka kawo musu wani amo da sunan na dā, su fara tambayar shekarar da aka rubuta majiyar, da wanda ya rubuta ta, da abin da mai binciken ya ƙara daga kansa.